Fitilar da Muke Toshe wa Baki

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a garejojinmu na Potiskum, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Fitilar jakar iska, wadda makanikai ke kira iyabag, ta kunnu a dashbod ta ƙi mutuwa. Takardar lafiyar mota ta kusa ƙarewa, ko kuwa an samu mai saye. Sai mai mota ya garzaya wajen mai wayarin ya ce, "Don Allah kashe mini jar wutar nan." Ku lura, bai ce a gyara ba. Cikin rabin sa'a an kwance mita, an zare ƙwan, ko an liƙe shi da baƙin salatef. An biya, an yi godiya, kowa ya kama gabansa. Sunan wannan abu algus, kuma wanda zai biya kuɗinsa shi ne duk wanda ƙaddara ta zaunar a kujerar gaba ranar da aka yi karo.

Bari mu fara da abin da fitilar ke faɗi. Idan ka murɗa makulli, za ka ga hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko haruffan SRS. Ta kan kunnu na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. A wannan ɗan lokaci kwamfutar motar tana bincika jakunkunan iska, da wayoyinsu, da na'urorin da ke jin karo, da abin da ke tsuke bel. In ta mutu, komai lafiya. In ta tsaya a kunne, ko tana ƙyaftawa, motar ce ke gaya maka da bakinta cewa kada ka dogara da jakar, don mai yiwuwa ba za ta buɗe ba. In kuwa ba ta kunnu ba sam, to wannan ya fi muni, alama ce wani ya riga ya sa hannu.

Abin takaici, sau da yawa matsalar ba ta taka kara ta karya ba. A ƙarƙashin kujerun gaba akwai soket mai ruwan ɗorawa. Yawan ja da tura kujera, ko cusa kaya a ƙasanta kamar yadda muka saba, kan sassauta shi. A wuyan sitiyari akwai wata siririyar waya a naɗe kamar gammo, ita ke kai wuta ga jakar direba. Idan ta tsinke fitila za ta kunnu, kuma sau da yawa hon ma sai ya daina aiki. Batir da ya yi sanyi kan bar saƙon kuskure a kwamfuta. Ruwan damina da ya kwanta a ƙasan mota, ko na masu wanki da ke kwarara tiyo har cikin kafet, kan taɓa akwatin da ke sarrafa jakunkunan, wanda a motoci da yawa yana ƙasa kusa da giya. Duk waɗannan ana gano su. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanto lambar matsalar. Sai dai a kula, ƙananan na'urorin nan masu araha yawanci injin kawai suke karantawa. Ka tambayi mai aikin ko tasa tana shiga ɓangaren iyabag kafin ka biya.

To tunda ana iya ganowa, me ya sa ake zaɓen toshe baki? Saboda wani lokaci amsar ba ta da daɗin ji. Da yawa daga tokumbon da ke shigo mana ta Legas da Kwatano motoci ne da suka yi haɗari a Amurka, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu. Jakunkunan sun riga sun fashe tun can. Mai gyaran bodi ya daddaɓe, an yi fenti, an rufe sitiyari da sabon murfi, ciki kuwa fayau. Sannan a laƙa ɗan rezista a waya don kwamfuta ta zaci jakar tana nan. Wasu ma sun fi haka wayo, sai su haɗa fitilar iyabag da wata fitilar da ke mutuwa in an tayar da injin, don mai saye ya ga ta kunnu ta mutu ya ce alhamdulillahi. Haba jama'a! A kara ranar Laraba, idan dillali ya sayar maka da sa ya ɓoye cutarsa, har gaban sarkin kasuwa za ka kai shi, kuma ba wanda zai ce ka yi laifi. Yaya aka yi ɓoye aibin dabba ya zama abin kunya, ɓoye aibin da zai ci ran mutum kuwa ya zama iya sana'a?

Na san amsoshin da ake bayarwa a majalisa. Na farko, wai iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna tuƙa Fijo ba iyabag, ga su nan da ransu. Waɗanda suka rayu su muke gani, sauran suna maƙabarta. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci sama da mutum 50,000 tsakanin 1987 da 2017, kuma tun motocin 1998 doka ta wajabta su a ƙananan motoci a ƙasar. Jakar tana cika cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta shiga tsakanin ƙirjinka da sitiyari. Duk wanda ya san gudun da ake shararawa a hanyar Damaturu, da yawan tireloli da ke ratsa garin nan dare da rana zuwa Azare da Kano da Maiduguri, da shanun da ke faɗowa titi ba sallama, ya san wannan ba kayan ado ba ne.

Na biyu, wai ai iyabag ɗin ma kisa yake. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ya kamata a faɗe ta. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera jakunkuna da wani sinadari da zafi da laima ke lalatawa, har gwangwanin ya tarwatse ya watsa ƙarafa a fuskar mutum. An yi asarar rayuka, aka janye kimanin jakunkuna miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017. Tsofaffin Accord da Civic da Corolla, irin waɗanda suka cika titunanmu, suna cikin waɗanda abin ya shafa. Wannan aibi fitila ba ta nuna shi, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ake bincikarsa a intanet. Darasin da ke ciki shi ne a ƙara bincike, ba wanda ya ce a cire ƙwai. Haka nan jakar tana iya ji wa wanda bai ɗaura bel ba ciwo, da yaron da aka ɗora a cinya, da fasinjoji biyun da ake cusawa a kujera ɗaya. Maganin wannan a hannunmu yake: a ɗaura bel, yara su koma baya.

Na uku, wai babu kuɗi. Wannan kam ba wanda zai musa, rayuwa ta yi tsada. Amma kuɗin da ka ba mai wayarin ya kwance mita, da shi za ka fara biyan bincike, ka san ko soket ne kawai ya sassauta. In kuwa ta tabbata jakar ce babu, kuma ba ka da halin sayen wata yanzu, to bar fitilar a kunne. Tana tuna maka ka rage gudu, tana gaya wa matarka da ɗanka da mai saye gaskiya. Talauci ba laifi ba ne, ƙarya ce laifi.

Sai batun takardar kanta. Dalilin da ya sa jami'an VIO ke ba da takardar lafiyar mota shi ne a tabbatar an duba birki da taya da fitilu kafin a saki mota cikin jama'a. A Ingila, motar da fitilar iyabag ɗinta ke nuna matsala ba ta tsallake binciken shekara. A nan kuwa da yawanmu ba ma son a ga motar ma, sai mu miƙa wa wani ɗan tsakiya tsofaffin takardu da kuɗi, ya dawo mana da sababbi motar tana gida a fake. Sannan mu zo muna zagin hukuma. Takarda tana raba ka da jami'in VIO da ɗan rodi sefti a shingen hanya, amma tirelar da ta kwace ba ta karanta takarda.

Don haka ga abin da nake kira a kai. Mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi, murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka zuba wa fitilar ido. Ta kunnu, ta mutu ita kaɗai, ba tare da wata ta raka ta ba. Ka kai motar a jona mata na'ura wajen wanda kai ka zaɓa, kada dillali ya zaɓa maka. Mai mota, kada ka bari yaron gareji ya riƙa tsokanar wayoyin nan masu ruwan ɗorawa da fitilar gwaji, don jakar na iya fashe masa a fuska. A cire kan batir, a jira 'yan mintoci, sannan a taɓa. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da masu wayarin da dillalan mota, ku kafa doka a tsakaninku cewa duk wanda aka kama ya zare ƙwai ko ya laƙa rezista don yaudara, a ci shi tara, a faɗi sunansa a taro. Malamanmu kuma, in ana wa'azin tauye mudu da algus a kasuwar hatsi, a haɗa da wannan, don duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mu a unguwar nan fatauci ne ya kawo kakanninmu, amana kuma ita ta zaunar da su lafiya da masu gari. Motar da ka toshe wa baki yau, gobe maƙwabcinka ne zai saye ta ya ɗauki iyalinsa zuwa biki Gashuwa. Allah Ya tsare mu da mugun ji da mugun gani, Ya kai kowa gida lafiya.