Ra'ayinmu: Wa Ke Duba Mudun Na'ura?

Da wuya a sami malami a cikinmu da bai taɓa cin karo da wannan ba. Ka ba yara aikin gida, washegari yaro ya kawo amsar da ta saɓa wa abin da aka koyar, ka tambaye shi inda ya samo ta, sai ya dube ka hankali kwance ya ce, "Malam, ai waya ce ta faɗa." A wurinsa magana ta ƙare ke nan. A da, "Malam ya ce" shi ke rufe gardama a tsakar gida. Yau wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa ta karɓe wannan kujera. Ba kishi ya sa muka ɗauko zancen ba, domin mu ma da wayar muke shirya darasi. Abin da ya dame mu shi ne irin amincewar da yara, har da manya da dama, suka yi da duk abin da ya fara bayyana a allon waya, tamkar hukunci ne daga alƙalin da ba shi da ɓangare.

Duk lokacin da mutum ya rubuta tambaya a injin bincike irin Google, akwai dubban shafukan da za su iya zama amsa, kuma tilas a jera su, wani a sama wani a ƙasa. Haka abin yake a Facebook da TikTok da YouTube, inda ake zaɓar wa kowa abin da zai gani. Mai yin wannan zaɓe wani jerin ƙa'idojin lissafi ne da masana ke kira algoridim. Mutane ne suka rubuta shi, kamfani ne ya sa masa manufa, kuma yana koyo ne daga abin da jama'a suka riga suka rubuta da abin da suka fi latsawa. Idan abin da aka ciyar da shi na ɗauke da raini ga wasu mutane, zai haddace rainin ya maimaita. Idan manufar ita ce a riƙe mutum a kan waya, zai fifita abin da ke tayar da hankali. Idan kuma ba a gwada shi a kan wata al'umma ba, ba za a san ɓarnar da yake yi mata ba. Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san mudun da aka buga wa gindi: a ido daidai yake, sai an gwada shi da na gaskiya ake gane tauyewarsa.

Masu bincike sun yi irin wannan gwaji. A 2013, Farfesa Latanya Sweeney ta Jami'ar Harvard a Amurka ta bincika sunaye fiye da 2,000 a intanet, ta gano cewa sunayen da aka fi raɗa wa baƙar fata sun fi janyo tallace-tallacen da ke nuna kamar mai sunan ya taɓa shiga hannun 'yan sanda. Sai mu yi tunanin mai neman aiki wanda aka duba sunansa kafin a kira shi ganawa. A 2018, Safiya Noble ta wallafa littafinta Algorithms of Oppression, inda ta bayyana yadda neman bayani a kan 'yan mata baƙar fata ya riƙa kawo mata shafukan batsa a sahun gaba. A 2020 kuma masu amfani da Twitter suka lura cewa idan hoto ya yi tsawo, na'urar da ke datse shi ta fi barin farar fuska ta yanke baƙa. Kamfanin ya yi nasa binciken, a 2021 ya amince akwai karkata, ya fara janye wannan tsari, har ya sa gasa da lada ga duk wanda ya bankaɗo masa wani aibin. Dabarar irin waɗannan gwaje-gwaje ba baƙuwa ba ce ga malami: a sauya abu guda, a bar sauran yadda suke, a ƙirga sakamako, a rubuta.

Batun manufa ya fito fili a 2021, lokacin da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Jaridun da suka nazarci takardun sun ruwaito cewa akwai lokacin da alamar motsin rai, har da ta fushi, take da nauyin alamar "so" sau biyar wajen ɗaga rubutu sama. Ma'ana, wanda ya iya harzuƙa mutane shi ake ƙara wa masu sauraro. Sun kuma ruwaito cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13.

Mu muna cikin waɗanda suka raba kashi 13 ɗin, kuma mun ga abin da hakan ke nufi. A 2018, binciken da BBC ta yi kan rikicin Jihar Filato ya nuna yadda hotunan ƙarya, wasu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba, suka yaɗu a Facebook suka ƙara hura wutar rikicin da ya ci rayuka. A lokacin, masu tantance labarai huɗu kacal abokan hulɗar kamfanin suka ware wa ƙasar nan, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Daga baya an shigar da Hausa cikin harsunan da ake tantancewa. A watan Oktoban 2020 kuma, Instagram ya nemi afuwa bayan tsarinsa ya riƙa yi wa saƙonnin zanga-zangar EndSARS tambarin ƙarya bisa kuskure. Wato na'urar da ba ta san mu ba tana iya ƙyale guba ta wuce, ta kuma toshe bakin mai gaskiya.

Akwai wani ɓangare da ya rataya a wuyanmu. Na'ura na koyon harshe ne daga rubuce-rubucen da ta tarar. Wikipedia ta Turanci na da maƙaloli fiye da miliyan 6, alhali ta Hausa ƙaramin kaso ce na wannan adadi. Ɗan abin da muke rubutawa ma, da yawa babu ƙa'ida: ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Ɗan Adam zai gane daga yanayin magana, na'ura kuwa sai ta cakuɗa. Shi ya sa yaron da ya nemi tarihin garinsu da Hausa yakan dawo da guntun bayani, ko da abin da baƙo ya rubuta a kanmu. Sannu a hankali sai ya ɗauka cewa abin da waya ba ta sani ba, ba shi da daraja.

Mun san wasu 'yan uwa za su ce: ga cunkoson aji, ga ƙarancin kujeru, ga batun albashi da ƙarin girma, ina mu ina faɗa da kamfanonin ƙetare? Waɗannan buƙatu suna nan a sahun gaba, kuma wannan mujalla ba za ta gaji da nanata su ba. Amma mu tuna abin da ya faru da takwarorinmu a Ingila a 2020. Annobar korona ta hana jarrabawar kammala sakandare, sai hukuma ta sa algoridim ya daidaita makin da malamai suka bayar. Ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin, kuma 'yan makarantun kuɗi masu ƙananan ajujuwa suka fi tsira. Ɗalibai da iyaye da malamai suka tashi tsaye, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye ta koma ga hukuncin malamai. Darasin biyu ne: irin wannan lissafi zai iya shigowa har cikin aikinmu, kuma idan jama'a suka zo da hujja ana tanƙwara shi.

Hanyoyin gyara sun fara bayyana. A 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan kafafe, masu hulɗa da mutum miliyan 45 ko fiye a yankin, su riƙa auna haɗarin tsarinsu, su yarda masu bincike daga waje su duba su, su kuma ba mutum zaɓin ganin saƙonni ba tare da an bibiyi halayensa ba. A nan gida, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa 'yancin ƙin hukuncin da na'ura ce kaɗai ta yanke a kansa idan ya shafi rayuwarsa sosai. Masana namu ma ba su zauna ba. A 2022 wasu masu bincike, ciki har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka waɗanda masu harsunan suka tantance da hannu, domin na'ura ta koyi bambanta yabo da suka a harsunanmu.

Saura namu rabon. A aji, ko da wayar malami ce kaɗai, za a iya rubuta tambaya guda da Hausa da Turanci a kwatanta amsoshin, ko a nemi hotunan likita da manomi yara su ƙirga maza nawa, mata nawa, masu kama da su nawa. Malami ya fara dubawa shi kaɗai kafin ya nuna. Mu saba wa yara da tambayoyi uku: wa ya rubuta wannan, yaushe, kuma me yake nema da ni? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga shugabannin reshe, muna ba da shawarar a buɗe rajista inda membobi za su riƙa rubuta kuskure ko cin fuskar da suka gani: ranar, kalmomin da aka nema, da hoton allon waya. Ƙorafin mutum guda surutu ne, amma shaidar malamai ɗari hujja ce da za a iya miƙa wa uwar ƙungiya da masu bincike a jami'o'inmu. Muna kuma neman a sa wannan batu cikin bitar malamai da manhajar kwalejojin ilimi. Waɗanda Allah ya hore wa alƙalami a cikinmu su rubuta tarihin garuruwansu da sana'o'insu da Hausa mai ƙa'ida, su sa a Wikipedia da sauran shafuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyaye kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Idan yaro ya ce waya ce ta faɗa, kada a ƙwace wayar, kada kuma a yi shiru. A zauna da shi a tambaye shi: ita kuma wa ya faɗa mata? Ranar da yaranmu suka fara yi wa kansu wannan tambaya, mun sauke wani kaso mai yawa na nauyin da ke kanmu.