Ra'ayinmu: Ciwon Gwiwa Ne Ke Kayar da Dattawanmu

A rugagenmu da kasuwannin kara na jihar Gadarif, idan dattijo ya yi kukan gwiwa ko kwatangwalo, sai a ce tsufa ne, a ba shi haƙuri. Wannan sakaci ne, kuma yana jawo mana asarar mutanen da suka san burtali da mashaya fiye da kowa.

Amosanin gaɓɓai yana cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Gaɓa ta ƙage, naman cinya ya yi rauni saboda mutum yana tausaya wa ƙafar, har wata rana gwiwa ta lanƙwashe ba zato, mutum ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo, kuma gwiwa ya fi kamawa. Ta kuma ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 duk shekara, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa su ne suka fi mutuwa ta haka.

Ƙasar Gadarif kanta tana ƙara haɗarin. Baƙar laka ce: da damina santsi, da rani ta dare har ƙafa ta shige. Bakin tafkunan hafir ma santsi ne, ga shanu suna turereniyar ruwa. Tun da manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi suka fara bazuwa a shekarun 1940, burtali sai ƙara matsewa yake, tafiya zuwa Butana tana ƙara wahala.

Jama'a, karayar kwatangwalo ba aikin mai ɗori ba ce. Tana bukatar hoton ƙashi, galibi kuma tiyata. Dattijon da aka kwantar wata da watanni yakan kamu da gyambon kwanciya ko ciwon huhu. Ga shi yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro ɗimbin jama'a zuwa Gadarif, nauyi ya yi wa asibitoci yawa.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Mai ciwo ya riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Ya riƙa tashi da zama daga kujera sau da dama kullum don cinya ta yi ƙarfi, domin yawan kwanciya ƙara raunana ta yake. Ya sa takalmi mai kama ƙafa, ya riƙe tocila da dare. A guji ƙwayoyin 'yan talla: Tramadol yana sa jiri, Diclofenac kuwa idan aka daɗe ana sha yana ɓata ciki da ƙoda.

Muna kira ga ardo-ardo da sarakunan kara su sauke wa dattawa aikin shayar da garke da loda shanu a mota. Wanda kuma ya faɗi sau ɗaya a kai shi wurin likita, ko da bai karye ba, kafin ya sake faɗuwa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.