Kuna Zagin Yoga, Kun Yi Shiru Kan Tramol

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Nan Bana, da ma Gaya gaba ɗaya, in yaro ya shimfiɗa tabarma yana jan numfashi a hankali don ya sauke gajiyar karatu, sai ka ji an fara: "Wane ya shiga addinin Indiyawa." Amma in wani ya haɗiye tramol ya kora da Nescafé don ya kwana bisa littafi, babu mai ɗaga murya. Har cewa ake yana da himma. Haba jama'a! Wanne ya fi cancantar a yi masa ihu?

Kowa ya san halin da muke shiga in BEPC da bak suka matso. Ga zafin Afrilu da Mayu, ga zaman gidan mutane ga waɗanda suka baro ƙauye, ga iyayen da suka sa ido bisa kanmu. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023 kasuwa ta ja baya, har ɗan kuɗin kalaci ya ragu. Jiki kuwa bai san bambancin jarrabawa da zaki ba. Da tsoro ya zo sai ya saki adirenalin da kotizol, zuciya ta hau dukan uku-uku, barci ya gudu. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya hana idonsa barci, rijiya yake jan ruwa da guga mai huji.

Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin ofiyom, ba a shan shi sai da izinin likita. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, waɗanda ake tallansu a ɓoye kuwa har 200 da 225. Yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, in ya yi yawa ya jefar da shi kamar mai farfaɗiya. Mun gani a tasha, mun gani a fada. Wannan ne muka yarda ya shigo aji ba mu ce uffan ba.

To yoga fa? Daga Indiya ta fito, ban ɓoye ba. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranarta. Abin da ya shafe mu a cikinta biyu ne: miƙar da gaɓoɓi da sarrafa numfashi. Ka ja iska kana ƙirga 4, ka saki kana ƙirga 6, wajen numfashi 6 ke nan a minti ɗaya. Fitar da iska a hankali tana taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Ba tsafi a ciki, ilimin jiki ne da malamin kimiyya zai iya zana mana a allo.

Masu cewa akwai bauta a ciki, ban raina maganarku ba. Gaskiya ne asalinta akwai kalmomin da ake rerawa da gaisuwar rana, kuma ni ma ba ni yin su. Malaman Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, sun duba batun a 2009: suka hana wadda ke haɗe da ibadar Hindu, suka bar wadda ke motsa jiki kawai. Shiƙa ke nan, a zubar da ƙaiƙayi a riƙe tsaba. Ƙwallon ƙafa daga Ingila ta zo, shayin da muke dafawa a fada daga Sin yake zuwa, ban ji wanda ya yi musu tawaye ba. In sunan ne ke damunku, ku kira ta miƙa. Kuma ba ta maye gurbin salla ko addu'a, kamar yadda gudu a filin wasa bai maye ba.

Kada kuma wani babba ya fake da ita. Numfashi ba ya gina aji, ba ya mayar da rumfar zana siminti, ba ya kawo malamin lissafi. Waɗannan haƙƙinmu ne, za mu ci gaba da neman su. Wanda bai yi bita ba, ko ya kwana bisa tabarma ba zai ci bak ba. Wanda damuwa ta hana shi ci da barci kwana da kwanaki, likita zai nema.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Minti 10 bayan la'asar, maza a gefensu, mata a nasu, babu ko dala. Ku gwada mako biyu kafin ku yanke hukunci. Ku kuma masu dariya, in bakinku na ƙaiƙayi, ku je ku faɗa wa abokinku mai ƙwaya a aljihu gaskiya tun kafin a ɗauke shi ranga-ranga daga ɗakin jarrabawa.