Injin Kilomita 27: Hikima Ce ko Almubazzaranci?

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan, akwai wani rami mai siffar zobe, kewayensa kilomita 27, zurfinsa wajen mita 100. A cikinsa ne cibiyar bincike ta CERN ta girka injin da ake kira LHC.

Aikin injin nan shi ne ya kora ƙananan ƙwayoyi masu suna furoton, waɗanda ke tsakiyar ƙwayar zarra, har gudunsu ya kusa kai na haske. Cikin daƙiƙa ɗaya sukan kewaya zoben fiye da sau 11,000. Manyan maganaɗisu 1,232 ne ke lanƙwasa hanyarsu, su kuma sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri. Daga nan sai a sa ƙwayoyin su yi karo, masana su duba abin da ya fito, kamar yaron da ya fasa ƙwallon mangwaro don ya ga cikinsa.

Na san wani zai ce, ina amfanin wannan alhali ga yunwa da cuta a duniya? Tambaya ce mai nauyi. Ko Amurka ma, a 1993 majalisarta ta soke aikin irin wannan injin a jihar Tekzas saboda tsada, bayan an haƙa rami fiye da kilomita 20.

Duk da haka, a ganina ba almubazzaranci ba ne. Manomi ba ya cinye iri don yunwa ta kama shi. A CERN ne, a 1989, Tim Berners-Lee ya ƙago tsarin shafukan intanet don masana su riƙa musayar bayanai. Ƙananan injuna masu kora ƙwayoyi kuwa, su ne asibitoci ke gasa ciwon daji da su. Ilimi yakan biya bashinsa ta inda ba a zata ba.

Ya ku ɗalibai, akwai darasi uku a nan. Na farko, haƙuri. A 1964 Peter Higgs ya nuna da lissafi cewa akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba. Sai a 2012 aka gano ta, bayan shekara 48, yana zaune a zauren da aka yi sanarwar yana share hawaye. Mahaƙurci mawadaci.

Na biyu, kula da ƙaramin abu. Kwana tara da kunna injin a Satumba 2008, mahaɗin waya guda ɗaya ya lalace, aiki ya tsaya fiye da shekara. Mai raina alamar ɗebewa a lissafi, sai ya tuna da wannan.

Na uku, haɗin kai. Ƙasashe 12 ne suka kafa CERN a 1954, cikinsu har da Faransa da Jamus ta Yamma, shekara tara kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, kada ku guji lissafi da kimiyya don kun ji an ce suna da wuya. Injin farko na wannan zuriya, wanda Ernest Lawrence da ɗalibinsa suka gwada a 1931, tafin hannu ma yana ɗaukarsa. Iyaye da malamai, mu ƙarfafa yaron da ke yawan tambaya, kada mu ce masa ya yi shiru.