Raddi Ga Masu Cewa A Bar Ragowar Bashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Gaweye da sauran unguwannin Harobanda, da ƴaƴanmu mazauna ƙasashen waje, maganganu biyu sun yaɗu a kan bashin banki, kuma dukansu ɓata ne. Ta farko, wai kada mutum ya biye bashin katinsa kaf, ya riƙa barin ragowa duk wata domin makinsa ya hau a wurin bankuna. Ta biyu, wai tunda kuɗin banki na riba ne, babu laifi ga wanda ya ci ya ƙi biya. Mai maganar farko ya jahilci duniya, mai ta biyu ya yi wa shari'a ƙage.

Mu fara sanin mene ne wannan maki. A Amurka, inda katin bashi ya zama ruwan dare, kamfanoni uku ne ke tara labarin mabasa: Equifax da Experian da TransUnion. Daga labarin ake fitar da makin FICO, daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin yana rataye ga biya a kan lokaci, kashi 30 ga nauyin bashin da ke kanka. Idan iyakar katinka dala 1,000 ce, ka ci 800, ka cinye kashi 80 na abin da aka yarje maka, sai a ɗauke ka mutumin da ruwa ya kai wa wuya. Ka biya 600, ka sauko kashi 20, kuma da zarar banki ya aika rahotonsa na wata, sai makin ya ɗaga. To, ina amfanin ragowa a nan? Wanda ya biya kaf kafin wa'adi an rubuta masa cika alkawari, ba a ɗora masa ruwa ba. Wanda ya bar ragowa bai ƙaru da komai ba sai kuɗin ruwa.

Kada na gida ya ce wannan zancen mutanen Amurka ne. Katin bashi bai yawaita a Yamai ba, amma bashin albashi da na ragon layya da na komawa makaranta sun cika gari, kuma mu ma ana rubuta mu. Tun shekarar 2016 ofishin tara labarin bashi na ƙasashe takwas na UEMOA ya fara aiki ƙarƙashin kulawar babban banki BCEAO, kamfanin Creditinfo ne ke tafiyar da shi daga Abijan. Cikin takardun da kake sa wa hannu ranar karɓar bashi har da yardarka a aika labarinka can. Jinkirin da ka yi wa asusun lamuni na unguwa, bankin da ke ƙetaren gadar Kennedy yana iya ganinsa. A 2014 an tsayar da iyakar ruwa a kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun lamuni. Ku lissafa da kanku: jika 500 da suka shekara a wuyanka a kan kashi 24 sun haifi jika 120. Buhun shinkafa nawa ke nan da aka zare daga bakin iyalinka?

Ta fuskar shari'a kuwa al'amarin ya fi haka nauyi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta hana karɓar katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wanda bai shiga ba kada ya shiga. Wanda ya riga ya shiga, ya tuba, ya gaggauta fita. Ashe mai ba ka shawarar barin ragowa yana cewa ne ka dawwama cikin riba da gangan, wata bayan wata, saboda lambar da kwamfuta ke fitarwa.

Sai masu magana ta biyu. Ayar da ta yi shelar yaƙi ga masu cin riba, aya ta 279 a Suratul Baƙara, ita ce ta tabbatar wa mai dukiya uwar kuɗinsa. Haramcin ruwa bai halatta maka uwar kuɗi ba. Wa ya ba ka fatawar gyara zunubi ɗaya da wani? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi bashi, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biyan. A Sahihu Muslim an bayyana cewa shahada kanta ba ta kankare bashi. Kuma ba a raba gado sai an fitar da shi.

Akwai kuma wani abin kunya da ya kamata a faɗa. Da yawanmu ba sa wasa da wa'adin banki, domin banki yana da kwamfuta da lauya. Amma mai shagon unguwa, da tela, da bazawarar da ta ba da kuɗin adashenta, su ake cewa «sai wata ya mutu» har shekara ta zagayo. Taurin bashi daga mai halin biya zalunci ne da nassin hadisi. Littafin mai shago ba ya zuwa Abijan, amma mala'iku sun rubuta, kuma a ranar da babu sefa babu dala da kyawawan ayyuka ake biya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba mu aibata wanda larura ta kai shi ba. Wanda ya gaza da gaske, aya ta 280 ta umarci mai binsa ya saurara masa. Amma ga mai hali, ga abin yi. Ka rubuta duk abin da ake bin ka, iyalinka su san inda takardar take. Ka tsare kowane wa'adi, abin da ya saura a hannunka ka zuba shi a kan bashin da ruwansa ya fi yawa. Kada ka ci sabo don toshe tsoho. Layya sunna ce ga mai iko, biyan bashin da wa'adinsa ya cika wajibi ne, kada ka gabatar da rago a kan haƙƙin mutane. Wanda ka jinkirta masa kuma, ka taka da ƙafarka ka nemi afuwarsa.

Allah Ya biya wa mabasa bashinsu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu cika babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.