Karatun harsuna da adabi ba asarar kuɗi ba ne

Ƴan uwa ƴan kasuwa, akwai wata magana da ta yi yawa a rumfunanmu daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya. Da zarar yaro ya ci bak ya ce zai karanta harsuna da adabi a jami'a, sai uban ya ɓata rai ya ce: wannan karatun me yake sayarwa? In ba likita ko injiniya ba, gara ya zo ya zauna shago. A nawa ra'ayi, wannan lissafi akwai gyara a cikinsa.

Mu duba sana'ar tamu. Takardar duwan a wannan ɓangare da Faransanci take, in ka tsallaka iyaka ta koma Ingilishi. Wanda ke sarin kaya a Dubai ko Gwanzu ya san abin da tafinta ke ci, ya kuma san zafin sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Alhaji nawa ne kayansu suka kwana a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome saboda kalma ɗaya da ba a fahimta ba? Ɗan da ya ƙware a harsuna uku, ya iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ai jari ne a gidan.

A Amurka akwai wasu ƙananan kwalejoji da aka gina kan wannan tunani. Shekara 4 ake yi, kuma ba a barin ɗalibi ya ƙulle kansa a fanni guda tun farko. Zai taɓa tarihi, lissafi, kimiyya, adabi da harsuna, sannan ya zaɓi inda zai ƙware. Kwalejin Middlebury ta jihar Vermont tun 1915 take da makarantar harsuna ta lokacin hutu, inda ɗalibi ke sa hannu kan alkawarin ba zai yi magana da wani harshe ba sai wanda yake koyo. Patrick Awuah ɗan Gana ya yi irin wannan karatu a kwalejin Swarthmore, ya yi aiki a kamfanin Microsoft, ya koma gida ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002 bisa wannan tsari.

Ba ina cewa kowa ya tura ɗansa Amurka ba. Kuɗin karatu kaɗai a irin waɗannan kwalejoji yakan haura dala dubu 60 a shekara, sai fa wanda ya samu tallafi. Amma abin da ake nema yana kusa. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai na da tsangayar adabi, Jami'ar Bayero ta Kano na koyar da Hausa, Larabci, Ingilishi da Faransanci.

Ga kuma sabon dalili. A 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To wa zai fassara dokoki, ya rubuta littattafan lakol, ya tsara labarai a gidajen rediyo? Aikin nan sai wanda ya zauna ya koyi harshe da rubutu. Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, da alƙalami ya yi suna. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ya zaga duniya.

Masu cewa akwai ɗalibai da yawa da suka gama adabi suna zaman kashe wando suna da gaskiyarsu. Maganin hakan shi ne a haɗa, kamar yadda kwalejojin can ke yi: yaro ya riƙe harshe, ya ƙara da lissafin kuɗi ko shari'ar kasuwanci, lokacin hutu kuma ya zauna rumfa ya ga yadda ciniki ke tafiya.

Don haka Alhaji, in ɗanka ko ƴarka ta zo da wannan buƙata, kada ka yi saurin hanawa. Ka tambaye ta wane harshe za ta koya, da abin da za ta haɗa shi da shi. In ta ba ka amsa mai gamsarwa, ka sa albarka ka biya. Allah ya sa mu dace.