Kafin ka saya wa tsohuwar amfilifayar gidanku garmaho

Kwanan nan matasanmu da dama sun fito da tsofaffin amfilifaya na iyayensu, irin su Sansui da Pioneer da Marantz na shekarun 1970, suna neman garmahon da za su haɗa da su don jin fayafayan Shata da Ɗan Maraya Jos da suka gada. Abin ya yi mini daɗi. Amma na ga ana shiga kasuwar Alaba a ɗauki na'ura don kawai katakonta ya yi kala ɗaya da na lasifika, ko don sunanta ya yi fice a Turai.

A ganina wutar lantarkinmu ce ya kamata ta fara yi mana zaɓi. Tamu bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce, tana kaɗawa sau 60. Yawancin garmaho masu bel, irin su Thorens TD-160 da Pioneer PL-12D, gudun injinsu yana bin wannan kaɗawar ne. Idan ka sayo na gwanjo da aka yi don Amurka, taransifoma za ta rage masa ƙarfin wuta, amma ba za ta gyara gudun ba. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 a minti sai ya koma wajen 28, ka ji muryar Shata ta yi nauyi, kalangu yana jan ƙafa. Balle a ce janareta aka tayar, gudu ya riƙa hawa da sauka.

Shi ya sa nake ba da shawarar irin wanda injinsa ke juya farantin kai tsaye ba tare da bel ba, musamman Technics SL-1200MK2 da ya fito a 1979, ko ƙannensa masu araha da aka rubuta wa Quartz a jiki. Su suna riƙe gudunsu da kansu. Masu son Thorens za su ce sautinsa ya fi taushi. Ban musa ba, amma bel na roba ne, zafi yana sa shi saki. A dai duba lambar bolt a baya, domin wanda aka yi don kasuwar Japan 100 yake ci.

Sai ka juya bayan amfilifayarka ka nemi ramin da aka rubuta PHONO. Nan kaɗai wayar garmaho ke shiga. In ka sa ta a AUX, da ƙyar za ka ji sauti. Ɗan siririn wayar nan ta uku kuma a ɗaure ta a kusar GND, in ba haka ba gurnani zai cika ɗaki.

Inda na fi damuwa shi ne allura. Kada ka ɗora allurar da ta zo da na'urar a kan faifan da ka gada. Ba ka san shekara nawa ta yi tana aiki ba, kuma allurar da ta cinye kankare layin faifai take yi, abin da ta kankare ba ya dawowa. Na'ura ana samun wata. Da yawa daga fayafayan mawaƙanmu kuwa ba a sake buga su ba. Ka ware kuɗin sabuwar allura tun kafin ka fara ciniki, a daidaita nauyinta wajen giram 2. Tsofaffin fayafayai masu nauyi na gudun 78 allurarsu daban ce, kuma SL-1200MK2 ba ya juya su.

In za ka kasuwa, tafi da faifan da ba ka jin asararsa, a kunna maka shi har ƙarshe kafin ka biya.